Eriyata da Dish Ɗin Auta

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son ruwa ina zaune a gabanta, sai ta dubi bango ta ce, "Ko za a samu mai miƙo buta?" In baƙi suka tambaye ni, ta ce, "Wancan? Yana shago." Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, ni ma na sani, kuma da ta yi akasin haka da mutane sun yi da ita. Amma sanin bai taɓa hana abin ya ci mini rai ba. Ƙanena, wanda ta haifa bayan mata uku, tun yana goye take ce masa Auta, har ya tara gemu bai canza suna ba. Shi ake ajiye wa tsokar da ta fi a miya. In ya yi tari sau biyu, ranar ba mai sakewa a gidan.

Kakanmu daga Haɗeja ya zo Nguru, zamanin da jirgin ƙasa yake kwasar gyaɗa da fatu. Baba ya gaji rumfarsa ta yadi. Shekarar da na yi aure ya tafi aikin Hajji, bai dawo ba. Abokan tafiyarsa suka ce lafiya ƙalau ya yi tsayuwar Arfa, a gefen dutsen nan, ya daɗe hannu a sama. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, can aka binne shi. Akwatinsa kawai aka kawo mana. Da Inna ta gama takaba sai ta dawo gidana, tunda ni ne babba.

Ni tela ne. A farkon shekarun casa'in na sayi wata 'yar talabijin mara kala a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa da aka yi wa canjin wurin aiki. Da batirin mota muke kunna ta. Matsalar ita ce Nguru ta yi nisa da kowace tasha, in ka sa 'yar eriyar kan akwati ba abin da za ka gani sai shuuu. Sai na sa aka haɗa mini bututun ruwa na ƙarfe guda uku a wurin masu walda na bakin tasha, na ɗaura eriya a ƙarshensu, na ja waya huɗu na ɗaure a dogonyaro da katanga. Gindin sandar na zaunar da shi cikin wani tsohon turmi da na binne na zuba masa baƙin mai, na kuma sa aka liƙa mata kan keke don in riƙa juyawa. Daga tsallaken layin dogo ana hango ta. Har kwatance aka riƙa yi da ita, ana cewa bayan gidan mai doguwar eriya, kuma ba zan ɓoye ba, in na ji haka kaina yakan ƙara girma.

Da wannan sanda nake kamo Kano, in kamo Damagaram ta Nijar, ranar da aka yi ruwa aka ɗauke kuma sai wata tasha ta Larabci ta faɗo, wadda har yau ban san ta ina ce ba. Sai dai mai juya eriya ba ya ganin hoto. Yana waje, talabijin tana ɗaki, dole sai da mai faɗa masa abin da ake ciki. Maiɗakina ba ta da haƙurin wannan aiki. Da ta ga wani abu ya motsa sai ta ce ya yi, ta koma kan tukunyarta.

Wata la'asar ina ta fama, sai na ji muryar Inna ta taga.

"Koma baya kaɗan."

Na tsaya cak, don na zaci da wani take.

"Da kai nake. Ka wuce shi."

Daga ranar aikin ya zama namu, ni da ita. Tunda akwai bango tsakaninmu, ido ba ya haɗuwa da ido, sai kunyar ta sassauta mata. Ta raɗa wa kowace irin lalacewar hoto suna. In fararen ɗigo suka cika fuskar, ta ce yayyafi. In mutum ya fito da inuwarsa a gefe, ta ce sun zo su biyu. In hoton yana gudu sama, ta ce yana hawan bene. Wani lokacin har da tsiya take yi mini. "Mutumin ya fito, amma ka bar kansa a Kano." Ko kuwa, "Yau hannun naka na aro ne?" Dokar aikin ɗaya ce, sai ka wuce wurin ka dawo sannan kake samun tsakiya. Yayyafin yana raguwa kana matsowa, yana ƙaruwa kana nisa, shi yake jan ka har inda za ka tsaya. Yanzu da na tsufa zan iya faɗa, sau da yawa da gangan nake wucewa, don kawai ta sake magana. Magidanci da 'ya'ya biyar, ina tsaye a gindin ƙarfe ina satar hirar uwata.

Abu ɗaya ne eriyata ta kasa ba ta. Duk shekara bayan hawan Arfa, tasharmu takan nuna ɗan guntun hoto a cikin labarai, ba ya kai a sha ruwa a ajiye kofi. Inna takan matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana tambaya, "Nan ne dutsen?" To, mutane cikin farin harami, a kan farar ƙasa, ga yayyafi a kai. Ko ni da nake da ido ban iya cewa ga dutse ga mutum. Daga baya na sayi mai kala, amma ba ta canza zane ba. Inna takan koma tabarmarta ta ce, "Allah ya kai mu baɗi."

Shi kuwa Auta Gashuwa ya koma. Ya fara da kai shinkafa da busasshen kifi Kano, ya dawo da kayan gini, kafin a ankara ya buɗe shago biyu ya gina gidan siminti. Duk wata sai ya zo da buhu da turare da atamfa, ya zauna dab da Inna har gwiwarsa tana taɓa tata, abin da ni ban isa in yi ba. In zai tafi ya ɗaga kai ya dubi sandata ya ce, "Yaya, hasumiyar nan taka tana nan daram." Ba da mugunta yake faɗa ba. Abin da ya fi ba ni haushi da yaron nan ke nan, ba shi da mugunta ko kaɗan, ya hana ni samun dalilin da zan riƙe. Ya so ya kai Inna Makka, likita ya duba gwiwoyinta da hawan jininta ya ce ba za ta iya ba. Allah ya yafe mini, ranar da na ji wannan labari sai na ji wani sanyi a raina, saboda kujerar tasa ce ba tawa ba.

Wajen ƙarshen shekarun dubu biyu aka fara wata magana a rediyo, wai za a daina watsa hoto ta tsohuwar hanya a koma dijital, kowace talabijin sai an haɗa mata wani ɗan akwati kafin ta kama. A majalisar ƙofar shagona kullum sai an tayar da ita. Wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce ai a Nguru sai jikokinmu. Wani tsohon Bamange maƙwabcina, da ya ga fuskata ta canza, ya ce, "To Malam, in an yi haka sai mu riƙa shanya a sandarka." Aka yi dariya, ni ma na yi, ta baki.

Auta bai jira gwamnati ba. Ya sa aka kafa masa dish da risiba ta dijital, ya zo Nguru takanas don ya ba Inna labari. Ina ɗinki a zaure ina jin su.

"Inna, Makka kai tsaye, dare da rana. Tattabarun Harami ma sai ki ƙirga su. Ranar Arfa kuwa tun safe har faɗuwar rana ake nunawa."

Ta ce, "Har dutsen?"

"Har mutanen da suke kansa."

Na taka keken ɗinkin da ƙarfi har allura ta karye.

Bayan mako guda ta gaya wa maiɗakina cewa a Gashuwa za ta yi babbar Sallah. Ita ta gaya wa, ba ni ba, kamar yadda ta saba. Na ce a tambaye ta kwana nawa za ta yi, ta ce sai yadda hali ya yi. Auta ya turo mota. Na ga an fito da babban akwatinta, an fito da butarta da dardumarta, har da 'yar kujerar da take zama in za ta yi alwala. Na raka ta bakin mota na ce Allah ya kiyaye hanya, na koma ciki zuciyata tana gaya mini an ƙwace ta ke nan.

Mako biyu na yi ina cin kaina. Da yamma sai ta sa a kira wayar maiɗakina, ina jin muryarta tana tashi kamar ta yarinya. Wai ta ga rubutun zinare a jikin rigar Ka'aba. Wai ta ga wata tsohuwa ana tura ta a keke tana ɗawafi, har zoben hannunta ana gani. Ni ko a ce a gaishe ni, sai dai a ƙarshe ta ce, "A gaida mutanen gida." In na fita gindin sanda, kafin in kama kan keken maiɗakina ta ce ya yi. Na daina kunnawa ma.

Duk wanda ya san tela ya san ba ya barin shago ana jajiberin Sallah. Ni na bari. Na ƙarasa abin da zan iya, na damƙa wa abokin aikina sauran, ranar Arfa bayan sallar asuba na shiga motar Gashuwa. Na gaya wa mutane zan je gaida Inna ne. Gaskiyar ita ce na je in ga abin da ya ɗauke mini uwa, kuma ina addu'a a raina in tarar da aibu a jikinsa. A aljihuna akwai 'yar sufanar da nake ɗaure keken ɗinki da ita. Kullum tana aljihuna, wannan gaskiya ne. Amma na taɓa ta a mota na ji tana nan, kuma na ji daɗi.

Wajen ƙarfe tara na isa. Dish ɗin yana tsakar gida, wani ƙaton faranti na gorar ruwa da aka ƙera a gari, a kan ƙafafun ƙarfe, ya ɗaga fuska gabas. An kewaye shi da benci don kada yara su matsa. A ƙarƙashin leɓensa na ga an cusa bulo guda da guntun katako, an ɗaure da waya. Na dube su na ce a raina, kuɗi dai ba ya sayen iya aiki.

Inna tana falo a kan darduma, tana azumi. Ta yi wanka ta sa farin mayafi sabo, ta shafa turare, kai ka ce ita ma tafiyar za ta yi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa idonta yana kan talabijin, "An zo lafiya? Ya aka baro su?" Na juya na kalli abin da take kallo. Ban taɓa ganin hoto irin wannan ba. Ga lema kala-kala, ga wani dattijo yana kuka har ana ganin hawayen yana bin gemunsa, ga dutsen nan da farin ginshiƙi a kansa, mutane sun lulluɓe shi. Babu yayyafi ko ɗigo.

"Auta, Allah ya yi maka albarka," in ji Inna.

Ya ce amin. Aka nuno dutsen ta wani gefe, ta sake faɗa. Kafin in gama zama ta faɗa sau uku. Ni shekara goma sha biyar ina juya ƙarfe, rana da iska, ban taɓa jin wannan kalma ta shigo kunnena daga bakinta ba. Na san tana yi mini a bayan idona, maiɗakina ta sha gaya mini. Amma a ranar ba ta bayan ido nake so ba.

Auta ya miƙe ya ce zai je kasuwa ya karɓo ragon da ya saya, zai dawo kafin a fara huɗuba. Bai fi minti goma da fita ba iska ta ɗan taso, sai hoton ya tsaya. Fuskar wani alhaji ta farfashe gida-gida, murya ta yi shaƙuwa, sannan ya ci gaba. Can ya sake yi.

"Haka yake yi wani lokacin," in ji matar Auta. "Yanzu zai saki."

Inna ta ce, "Af, ya tsaya."

Ba da kowa take ba. Amma ni duk rayuwata maganar da ba da kowa ake ba nake amsawa. Na miƙe.

"Yaya, ya ce kada a taɓa shi fa," in ji matar Auta.

"Ku ya gaya wa. Ni tun kina goye nake kamo tasha."

Na tsallake bencin. Na kwance wayar, na zare katakon, na sa sufana na sassauta notin baya. Niyyata in yi yadda na saba, in wuce in dawo in samu tsakiya, sannan in ɗaure shi ɗaurin kirki, in koma falo in zauna ban ce komai ba. Har na ji yadda za ta faɗa. Na tura shi kamar faɗin yatsa biyu. Sai na ji nauyinsa ya zubo mini a hannu, leɓen ya sunkuya ƙasa. Ashe katakon nan da na raina shi yake riƙe da komai.

"Yaya ake ciki?" na ɗaga murya.

Matar Auta ta ce, "Ya ɗauke gaba ɗaya. Shuɗi ne kawai da rubutun Turanci."

Ban tsorata ba tukuna. Sau dubu hoto ya ɓace mini na dawo da shi. Na ɗaga leɓen na fara juyawa sannu a hankali, ina jiran a ce ya fara.

"Inna, ya fara fitowa?"

"Babu komai."

Na ƙara matsawa. "Ko inuwa?"

"Babu komai."

A nan gumi ya fara keto mini. Wannan abin ba ya yin kaɗan-kaɗan. Ko ya ba ka duka ko ya hana ka duka, ba yayyafin da zai ce maka ka kusa ko ka yi nisa. Kuma sandata hagu da dama kawai ta sani, shi kuwa yana da hagu da dama, yana da sama da ƙasa. Daga baya aka gaya mini har sai an tsaya cak an ba shi ɗan lokaci kafin ya nuna. Ni da na saba hannu ba ya tsayawa, wataƙila na bi ta kan wurin sau goma na wuce.

A haka Auta ya shigo yana jan rago. Ya dube ni, ya dubi katakon a ƙasa, ya leƙa falo. Ya ce, "Yaya," sai ya haɗiye sauran. Da ya zage ni da na samu abin kamawa. Ya ciro waya ya kira wanda ya kafa masa, aka ce ya tafi Sallah ƙauyensu can bayan Yusufari, inda waya ba ta shiga. Ya hau babur ya nemo wani, ya tarar da shi a kan rufin wani gida da aiki biyu a gabansa, ya ce sai dai bayan azahar.

Ya dawo ya durƙusa gaban Inna. Ina jin su ta taga.

"Inna, tashi in kai ki gidan abokina, nan bayan masallaci. Irin namu ne da shi. Matarsa za ta ba ki ɗaki ke kaɗai."

"In na je suka ce me ya samu naku, in ce me?"

"Sai a ce ya lalace."

"Azumi nake yi."

"To ni zan faɗa."

"Ba inda za ni," in ji ta. "Ku bar shi, ya saba."

Ƙarya ba za ta yi ba, kuma ba za ta shiga gidan mutane a ji cewa babban ɗanta ne ya yi ɓarna ba. A lokacin ban fahimci haka ba. Abin da na ji kawai shi ne ta ce na saba, kuma wannan kalma ita ta tsayar da ni a rana har la'asar. Farantin ya yi zafi yana ƙona mini tafin hannu. Aka fara huɗuba, muna jiyo ta sama-sama daga talabijin ɗin wani gida ta kan katanga. Matar Auta ta kawo rediyo ta ajiye kusa da Inna. Na je na yi azahar na dawo na ci gaba. Tun ina tambaya tana cewa babu komai, har na daina tambaya. Auta ya zauna a kan benci kusa da ragonsa, bai ce in bari ba, bai ce in ci gaba ba.

Ana kiran la'asar mai gyaran ya iso, da 'yar ƙaramar talabijin a bayan babur. Ya ajiye ta a gindin dish ɗin inda zai riƙa gani da idonsa, ba ya bukatar kowa ya faɗa masa komai. Ya ɗaga, ya tsaya, ya matsa, ya tsaya. Ya ɗauki katakon nan ya mayar da shi inda yake. Bai kai minti goma ba.

Na bi su falo. Hoton ya dawo tar, amma a can Makka rana tana riga tamu faɗuwa da awa biyu. Duhu ya fara, an kunna fitilu, motoci sun yi layi, ba abin da ake gani sai bayan mutane suna tafiya. Aka nuno dutsen sau ɗaya daga nesa, ba kowa a kansa sai tsirarun mutane da tarkacen lema. Inna ta daɗe tana kallo.

"Sun tashi," in ji ta. Ta ce a kama ta ta yi alwala.

Bayan an sha ruwa ta aiki Auta ya sayo mata goro, alhali akwai goro a gabanta. Matarsa ta gane ta fita. Muka rage ni da ita a ɗaki, abin da ban tuna ranar da ya taɓa faruwa ba. Tana juya kofin kunu a hannunta, ba ta dube ni ba.

"Da ka ce ba ka so in zo, da ban zo ba."

"Gyarawa na je yi, Inna."

"Na sani." Ta kurɓi kunun. "Ni gani na zo yi. Wa ya ce maka zama na zo?"

Na so in ba ta haƙuri, harshena ya ƙi. Na zauna ina kallon tafin hannuna da ya yi ja, har Auta ya dawo da goron.

Kwana uku bayan Sallah ta ce a haɗa mata kaya. A bakin mota Auta ya ce zai turo a kafa mata irin nasa a Nguru, ba sai ta sake wahalar hanya ba. Ta ce, "Gidan yayanka ne." Ni kuwa na yi caraf na ce ba sai ya turo ba, zan sa da kaina kafin baɗi. Har ga Allah da gaske nake. Amma duk lokacin da na tashi sai in tuna za a ce Auta ne ya koya mini, sai in ce bari zafi ya wuce, bari damina ta wuce, bari a gama ɗinkin azumi. Ai akwai lokaci, Arfa sau ɗaya ce a shekara. Ita kuma ba ta taɓa tuna mini ba.

Kwana tara bayan ƙaramar Sallah ta kwanta, jinya ta kwana huɗu, Allah ya karɓi abarsa. Saura wata biyu a hau Arfa.

Ranar sadakar bakwai muna zaune a zaure ni da Auta, mutane sun ɗan tsagaita. Tun ranar nan ta Gashuwa bai taɓa tayar da maganar ba, na ga gara ni in tayar, ko zan samu ya faɗi abin da yake ransa in huta.

Na ce, "Ni na hana ta gani."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Ba wannan ne yake damuna ba, Yaya," in ji shi. "Tun da na koma Gashuwa nake roƙon ta ta zo ta yi ko wata guda a gidana. Kullum sai ta ce ba za ta bar gidanka ba. Da na ga ba dabara, shi ne na sa dish ɗin." Ya share ido da bakin riga. "Kwana goma sha takwas na samu. Kai ka samu shekara ashirin da wani abu."

Wasu mutanen Machina suka yi sallama, muka gyara zama, muka ɗaga hannu aka yi mata addu'a.